Kyamarar Saje da Takalmin Rabiou

An sallame sallar La'asar, ko addu'a ba a shafa ba, Alhaji Zubair ya miƙe ya shiga ɗakin baya. Ya ce zai fito da kyamarar a yi hoton bankwana da ita. Can sai aka ji salatinsa.

Teburin yana nan. Dardumar da aka shimfiɗa masa tana nan. Kyamarar ce, akwatin ƙarfen nan, ta yi layar zana.

Lahadi ce, gidan Alhaji na unguwar Glenwood, a birnin Greensboro na Amurka, cike da jama'a. Ya tara su ne su ga kyamarar mahaifinsa kafin ya miƙa ta ga gidan tarihin jami'a, inda ake shirya baje kolin kayan da ƙasashen ƙawance suka yi musaya da su a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wanda ya taɓa shan shayi a falon nan ya haddace labarin yadda Alhaji yake ba da shi. Ingila ta zana ta. Da ruwan bama-bamai ya hana masana'antunta sakat, sai ta miƙa wa Amurka zanen. Amurka ta ƙera, aka loda a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dajin Bama, inda Saje Maiwada, mahaifin Alhaji, yake soja. Da yaƙi ya ƙare gilashinta ya riga ya tsage, baturen da ke aiki da ita ya bar wa Saje, shi kuma ya karɓi addar Saje ya tafi da ita tsaraba.

"Gida za ta koma," in ji Alhaji duk lokacin da ya kai ƙarshen labarin. "Nan aka haife ta."

To ga shi ta tafi babu sallama.

Ba a daɗe ana dube-dube ba wani ya yi kira daga kicin. A bakin ƙofar baya akwai takalmi sau-ciki, baƙi, sabo, jar ƙasa ta dame shi har gefe. Kowa ya san mai shi. Rabiou ne, saurayin Maraɗi da ke lodin kaya a wani sito a titin Wendover, wanda da safen nan ma aka yi ta tsokanarsa wai ya sayi takalmin ango babu amarya.

"Ni na shigo da kulolin abinci ta nan, a nan na tuɓe," in ji Rabiou. "Daga nan ban sake fita ba, wallahi."

"A wane sahu ka yi salla?" Alhaji ya tambaye shi.

"Na ƙarshe. Na makara wajen alwala."

"Wa ya gan ka?"

Babu mai shaida. Mai salla ba ya waiwaye.

*

Aka ce a kira Sanda. Ba sai an kira shi ba, tun ɗazu yana tsaye a barandar baya, idonsa a ƙasa.

Sanda mutumin Jibiya ne. Ubansa bin sawun shanun sata ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, shi ma a hannunsa ya koya. A Greensboro motar haya yake ja, kuma garin kwalta da siminti ba ya riƙe sawu, don haka sana'ar gado ta daɗe tana barci. Amma an yi ruwa ranar Asabar, Alhaji kuma ya kafce bayan gidan zai shuka kuɓewa da yakuwa. Ƙasar ta yi laushi kamar ƙullu. Masu jigilar abinci kuwa ta simintin gefen gida suka bi, ba su taka ta ba. Sawu ya tashi daga baranda, ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya kai ƙaramar ƙofar shinge da ke fita lungu. Wani kuma ya dawo.

Hadari ya rufe rana, mutane sun yi masa rumfa. Alhaji ya miƙo masa takalmin.

"Gwada mana, Malam Sanda."

Ya tsuguna ya ɗora shi a kan sawun. Takalmin ya zauna daram.

"Shi aka taka," in ji Sanda.

Kafin ya miƙe, maganar ta riga shi shiga falo, kuma ta ƙara ƙiba a hanya.

Alhaji ya dubi Rabiou, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ciwo. "Kwano ɗaya muke ci da kai a gidan nan. Ka dawo min da kayan ubana kafin mutanen jami'a su zo ranar Alhamis." Sauran ya ƙarasa da Turanci, shi da 'yarsa Afnan, amma kalmar polis ba ta buƙatar tafinta ga mazan da ke tsaye a wurin.

Babu wanda bai san abin da hakan ke nufi ba. Takardun Rabiou suna gaban kotun shige da fice, ana jiran ranar zama. Mai irin wannan hali, ko sau ɗaya aka saka masa ankwa, da gaskiya ko babu, sai dai a ji labarinsa daga Yamai.

Sanda ya koma kan sawun. Ya roƙi Anti Fassouma, maƙwabciyar da ta yi girkin, ta ba shi robobi da kwalayen ruwa. Ya bi sawun yana kifewa, har mutane suka gaji da kallonsa suka watse.

*

Washegari Sanda ya sami Rabiou a tashar bas ta cikin gari, yana jiran motar Wendover. Silifa ne a ƙafarsa.

"Ina takalmin?"

"Alhaji ya riƙe. Wai shaida."

"Shigo in kai ka."

Suka kama hanya. Sai da fitilar kan hanya ta tsayar da su Rabiou ya ce, "Malam Sanda, kai ma ka yarda ni ne?"

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma da bakinka aka ɗaure ni."

Sanda ya haɗiye wannan. Tana da ɗaci, kuma tasa ce. Ubansa ba ya buɗe baki a kan sawu sai ya kai ƙarshensa. Shi kuwa an miƙo masa takalmi a gaban mutane, ya amsa kamar ɗan makaranta.

"Kana take dunduniyar takalmi?"

Rabiou ya dube shi kamar wanda aka zaga. "Takalmin da jiya na fara sawa? Da yatsa nake lallaɓa shi ya shiga."

"An take shi. Duka ƙafa biyun."

"Bon! To ka gaya musu mana."

"Rabin mazan falon nan haka suke yi. Za a ce sauri kake."

Rabiou ya jingina kansa da gilas. "Lauyata ta ce dosiyen takarduna mai kyau ne. Abu ɗaya ta roƙe ni: kada sunana ya shiga bakin polis. Shi ya sa ko tuƙi ba na yi. Ina tafiya a garin nan kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai, yau ga inda ya fashe, a gidan da nake kira gidanmu." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Me ma zan yi da kyamarar da ba ta ɗaukar hoto? Na ɗaga ta da safe da Alhaji ya ce in matsar da tebur. Ƙarfe ne zalla. Sai da na ji ta a ƙuguna."

Sanda ya sauke shi a bakin siton. Ya daɗe bai tayar da motar ba. Mutum da kaya mai nauyi haka, a ƙasa mai laushi haka, ba ya wucewa bai bar labari ba.

*

Afnan tana aiki a wani ofis a kan Elm Street, can Sanda ya same ta. A nan aka haife ta, Hausarta sai an haɗa da Turanci take tashi. Ita ta shirya maganar kyautar da Celina, matar da ke kula da baje kolin.

"Kawu Sanda, ni ban yarda Rabiou ne ba. Honestly. Amma Baba ba ya jin magana yanzu." Ta juya kofin kofi a hannunta. "Wasu suna cewa Celina. Wai ta zo ranar Juma'a ta ga inda ake ajiyewa."

"Wadda za a ba kyauta ranar Alhamis, me zai kai ta sata ranar Lahadi?"

"To ko laifina ne? Na saka hoton a intanet. Akwai masu tara irin kayan nan. Wataƙila wani ya gani ya biyo."

"Baƙo ba ya tuɓe nasa ya sa takalmin wani. In ma ya sa, ba ya dawowa ya ajiye shi inda ya ɗauka." Sanda ya girgiza kai. "Ɗan gida ne. Wanda ya saba ya ga takalmi a bakin ƙofa ya zura ya fita, bai ɗauke shi komai ba."

Ta ajiye kofin. Sai ta nuna masa a waya rubutun da za a kafa kusa da kyamarar, ta fassara masa: an zana a Ingila, an ƙera a Amurka, an yi aiki da ita a Bama, shaida ce ta yadda ƙawaye suka haɗa basira da masana'anta.

"Ina Saje?"

"Sunansa yana can ƙasan rubutun. Kyauta daga iyalansa."

"Lokacin salla, su wa ba sa falo?"

"Mata muna sama. Anti Fassouma tana kai da kawowa da tukwane. Sai Gwaggo a ɗakinta kusa da kicin, a zaune take salla." Gwaggo ita ce Hajiya Hauwa'u, yayar Alhaji, wadda aka kawo daga Katsina a duba mata gwiwa. "Amma ita kam ka cire ta. Daga gado zuwa bayi sai da sandar ƙarfe. Ba mu ma gaya mata komai ba, saboda hawan jini."

"Komai?"

"Komai. Doctor ya ce kada a tayar mata da hankali."

*

Uban Sanda yakan ce sawu da rana tsaka bebe ne, da hantsi yake magana. Ranar Talata gari ya waye tas. Sanda ya isa bayan gidan Alhaji rana tana leƙowa ta saman shinge, haskenta a kwance. Ya ɗage robobin.

Wanda ya rungumi kaya a ƙirji baya yake komawa, dunduniya ta nutse, ƙafafu su buɗe. Wanda ya riƙe a hannu ɗaya, gefe ɗaya ne ke cin ƙasa. Wannan ba haka ba ne. Taku gajere, a miƙe kamar an ja zare, dama da hagu zurfinsu ɗaya. Kan takalmin kuma bai danna ƙasa ba: ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba.

Ya bi har igiyar shanya. Nan ya tsaya.

A daidai ƙarƙashin igiyar ƙafafun biyu sun haɗu waje ɗaya, gefe da gefe, sun nutse fiye da ko'ina. Mai tafiyar ya tsaya cak, ya danna, sannan ya ci gaba. Sanda ya miƙe a ƙarƙashin igiyar. Ta wuce kansa da kaɗan, shi kuma ya fi Rabiou tsawo. Me zai tsayar da mutum a ƙarƙashin igiyar da ba ta taɓa shi?

Ya daɗe a wurin. Sai idonsa ya koma Jibiya, ƙofar zauren gidansu, mata suna shigowa da tulu. Ba sa sunkuyar da kai. Tsayawa suke, su haɗa ƙafa, su rusuna da gwiwa, wuya a miƙe, su wuce.

A ka aka ɗauki kyamarar.

Ya juya ga sawun dawowa. Babu tsayawa a ƙarƙashin igiya, babu kaya. Amma ƙafar hagu tana jan ƙasa, tana barin layi kamar na bakin fartanya. An fita lafiya, an dawo da ɗingishi. Ya ɗauka gurɗewa aka yi a lungu. Ya leƙa, kwalta ce shimfiɗe, babu rami babu dutse. Daidai ƙofar shingen kuma, ƙofar bayan gidan Anti Fassouma ce.

*

Ya tarar da ita tana wanke tukwane. 'Yar Damagaram ce, doguwa, kakkaura, in ta taka ƙasa sai ta amsa.

"Malam Sanda, robobina fa? Ko su ma sun zama shaida?"

"Za su dawo. Anti, kina ɗaukar kaya a ka har yanzu?"

"A Amurka? Sau ɗaya na yi, daga mota zuwa gida. Wata baturiya ta tsaya tana ɗaukata a waya, wai in sake. Na ce mata ta zo ta ɗauka in ɗauke ta." Ta zubar da ruwan wankin. Yana kallon tafiyarta: taku mai faɗi, kuma ƙafar nan ko an shafa mata mai ba za ta shiga takalmin Rabiou ba. "Kai dai faɗi abin da ke ranka. In ni ake zargi a gaya min in ɗaura zani da kyau."

"Ranar Lahadi ƙofar nan a buɗe take?"

"Wuni guda. Ina jigilar tukwane zan tsaya kulle ƙofa? Ai kullum ma haka take. Hajiya Babba, yayar Alhaji, a ɗakin ajiyata take sa daddawarta da kukarta, don Afnan ta ce suna cika gida da wari. Yarinyar da ba ta san miya ba."

"Kin yi magana da Hajiya ranar?"

"Da na kai mata abinci. Ta ce, Fassouma, wai walimar me ake yi? Na ce ta kyamara mana, da za a ba turawa su sa a gilas. Ni na ɗauka ta sani." Ta tsaya da soso a hannu. "Ba ta ci abincin ba ma."

Sanda ya dubi ƙofar ɗakin ajiyar. Bai nemi a buɗe masa ba.

*

Hajiya Hauwa'u tana zaune a bakin gado, carbi a hannu, sandar ƙarfe jingine da bango. Ƙaramar mace ce, tsufa ya ƙara tsuke ta. Sanda ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa.

"Gwiwa tana nan da halinta. Kai ne ɗan Jibiyan da ya kife mana robobi a tsakar gida kamar mai kiwon kaji?"

"Ni ne, Hajiya."

"Me ka kama?"

"Ban kama ba tukuna. Labarin Saje na zo ji. Na ji na Alhaji."

Ta yi ɗan murmushi. "Zubairu labarin jirgin ruwa ya sani. Shi namiji ne, a zaure yake zama, a can Baba yake ba da na dariya. Ni ke shafa masa man shanu a wuya kullum kafin ya kwanta, tun hannuna bai kai ya zagaye ƙeyarsa ba. Wuyan nan bai taɓa miƙewa ba har aka sa shi a ƙasa. Ya ce min dajin can mota ba ta shiga, alfadari ma wani wurin sai ya tsaya. Shi ya sa aka kwashe su daga ƙasarmu, don sun iya kaya a ka. Duwatsu, kogi, ruwan sama, abin nan yana kansa. Bature ya danna ya ɗauki hoto, Baba ya naɗe gammo ya ɗora." Ta ja carbin. "Da ya dawo, wuyan da ƙarfen nan kawai ya kawo mana."

Sanda ya gyara durƙuso. Sannan ya ce, "Hajiya, kin san halin da yaron nan Rabiou yake ciki?"

"Mai kawo min goro? An ce Zubairu ya yi masa faɗa."

"Ba faɗa ba ne. An ga takalminsa da laka a ƙofar baya. Jibi za a kira masa 'yan sanda. Takardunsa ba su fito ba. In suka taɓa shi, gida za a mayar da shi, kuma ba zai sake shigowa ba."

Carbin ya tsaya.

"A kan takalmi?"

"A kan takalmi."

Ta dubi bango. "A gidan nan," ta ce, "in magana ta yi nauyi sai a juya ta Turanci." Ta gyara mayafinta. "Allah ya kyauta. Ja min ƙofar."

Ya ja. Bai san abin da ya bari a bayan ƙofar ba. Abin da ya sani shi ne, in ba ta yi magana ba, shi zai yi. Zai kira sunan tsohuwa a gaban ƙanenta da baƙi, kuma babu gidan da zai sake shiga a garin nan da fuskar da yake shiga da ita.

*

Ranar Laraba bayan La'asar Sanda ya roƙi Alhaji a taru a barandar baya. Ga Alhaji a kujera da takalmin a leda kusa da ƙafarsa. Ga Afnan, ga Anti Fassouma, ga 'yan dattawan da suka ga abin da ya faru ranar Lahadi. Rabiou ya tsaya can gefe, inda babu wanda zai ce ya matsa.

Sanda ya cika kula da ruwa ya ce Rabiou ya ɗauka ya bi gefen shukar. Ya rungume ta ya tafi yana buɗe ƙafa, ya wuce ƙarƙashin igiya ko kallonta bai yi ba. Sai Sanda ya ɗage robobin ya nuna musu ɗaya sawun, ya nuna inda ƙafafu suka haɗu.

"Ranar Lahadi na ce takalmin aka taka. Ban ce ƙafar waye a ciki ba, kuma da na yi shiru da ya fi. Wanda ya fita da kyamarar nan a ka ya ɗauke ta. A nan ya rusuna don kada igiya ta ture masa kaya. Rabiou bai yi wannan tafiyar ba."

Idanu suka juya kan Anti Fassouma.

"Kai! Ku kau da idonku daga kaina," ta ce. "Wanda ya sake kallona sai ya biya ni kuɗin albasata."

"Ba ita ba ce," in ji Sanda.

"To waye?" Alhaji ya dafa hannun kujera. "Malam Sanda, ba tatsuniya na zo ji ba. In ka san suna ka faɗa. In ba ka sani ba, gobe hukuma ta nemo."

Sanda ya dubi tagar ɗakin da ke kusa da kicin. Labule a sauke. Ya dubi Rabiou da silifansa. Ya buɗe baki.

Ƙofar shinge ta yi ƙara.

Hajiya Hauwa'u ce, babu takalmi, babu sanda. A kanta gammon ɗankwali, a kan gammon akwatin ƙarfe naɗe cikin zani. Hannunta ɗaya kawai ke tallafe da shi. Tana tahowa a miƙe, taku gajere, babu ɗingishi ko kaɗan, kamar shekarun da gwiwar duk sun tsaya jiranta a lungu. Da ta iso igiyar ta tsaya, ta haɗa ƙafa, ta rusuna, ta wuce.

Babu wanda ya motsa. Alhaji ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Zubairu." Ta juya gaba ɗaya, kamar yadda mai kaya ke juyawa. "Kai, ɗana. Zo ka sauke ni."

Rabiou ya zo. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ajiye a baranda. Nan take kafaɗarta ta faɗa, ƙafar hagu ta ƙi ta. Afnan ta tare ta ta zaunar.

"Yaya," in ji Alhaji. Muryarsa ta koma ta yaro. "Yaya, da kin faɗa min."

"Da ka tambaye ni. Ko an raba gadon nan ban ji ba? Ka ce gida za ta koma. Waɗanda suka zana sun zana, waɗanda suka ƙera sun ƙera, an biya kowa. Wanda ya kai ta inda ake so fa? Za a sa ta a gilas a rubuta sunan ƙasashe, shi kuma a sa shi a ƙasa kamar mai gadi." Ta numfasa. "Ban ce kada ta tafi ba. Na ce ba a yi da ni ba."

"Gwaggo, zan kira Celina," in ji Afnan, idonta ya ciko. "Babu abin da zai fita sai kin ce. In kin yarda, ke za ki faɗa musu abin da za a rubuta."

"In ta tafi, da gammo za ta tafi. A ajiye shi a ƙarƙashinta, kowa ya tambaya mene ne."

Sai ta nemi Rabiou da ido. "Kai kuma ka yafe ni. Takalmi na gani a bakin ƙofa na zura, kamar yadda ake yi a kowane gida. Ban san a ƙasar nan takalmi yana kai mutum kurkuku ba."

"Haba Mama. Wallahi babu komai."

Alhaji ya ɗauki ledar da kansa, ya taka har inda Rabiou yake, ya miƙa masa da hannu biyu. "Na zalunce ka a gaban mutane. A gabansu nake roƙonka gafara. Babu wanda za a kira."

"Babu komai, Alhaji," in ji Rabiou.

Kalmomin ɗaya ne da waɗanda ya faɗa wa tsohuwar. Sanda ya ji bambancin.

*

Ranar Juma'a Sanda ya makara. Ya tarar bakin masallaci ya cika da takalma, tuli guda, na Kano a kan na Damagaram, na mai gida a kan na ɗan haya, yara suna zura na manya suna gudu wajen alwala.

Rabiou yana gabansa. Ya wanke takalmin ya goge shi, amma dunduniyar ta riga ta karye, layin yana nan. Ya tuɓe a hankali. Ya zaro leda daga aljihu, ya saka su ciki, ya ƙulle bakin, ya maƙale a hammata.

Suka haɗa ido. Rabiou ya gaishe shi da ladabi, ya shige da kayansa.

Sanda ya tsaya yana kallon tulin. Sai da aka tayar da iƙama sannan ya tuɓe nasa, ya tura su cikin na mutane, ya shiga.